Yadda Muka Koya wa Ciyaman Cewa Amma

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu cikin mutanen da zan ambata, Ya ƙara wa sauran lafiya. A shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da ake bin layi kafin a sami madara da sabulu, ina aikin sito a wani garejin gwamnati da ke Kakuri, a garin Kaduna. Mu ne masu gyaran motocin ma'aikata da kujerun ofisoshi. A Nasarawa nake zaune, da ƙafa nake zuwa aiki, jiniyar masaƙa ita ce agogona.

A garejin akwai wani dattijo kafinta, mutumin kudancin Kaduna, Kirista, kowa Baba yake ce masa. Daga Narayi yake zuwa a kan keke, a lokacin gonaki sun fi gidaje yawa a can. Tun kafin in fara gemu yake aiki a wurin, amma har ya yi furfura sunansa ma'aikacin wucin gadi. Ma'anar wannan ita ce ranar da aka ce ya tafi, zai ɗaure zartonsa a bayan keke ya tafi, ba fansho ba garatuti. Ga shi kuma ana ta raɗe-raɗin za a rage ma'aikata, an kuwa san daga irinsu ake farawa. Saboda haka babbar bukatar ƙungiyarmu ta ma'aikata a zaman da za a yi da Daraktan hedikwatarmu ita ce a tabbatar da 'yan wucin gadi, Baba a kan gaba.

Ba wannan ne zuwanmu na farko ba. Shekarar da ta gabata mun je, kuma abin da ya faru shi ya sa muka yi shirin da zan ba da labari. Shugaban ƙungiyarmu, wanda muke kira Ciyaman, babban direba ne, Alhaji, mai muryar da in ya yi magana a bakin ƙofa ana ji har wurin wankin mota. Saboda muryar aka zaɓe shi. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, rayuwarsa duka manya yake tuƙawa, ladabi ya shiga ƙashinsa. Da muka shiga, Darakta ya tashi ya tarbe mu da hannu biyu, ya sa aka kawo shayi, ya ce, "Alhaji, ina aiki?" Ciyaman ya ce da godiya. Ya iyali? Lafiya lau. Ya ma'aikata? Kowa lafiya, ranka ya daɗe. Ba wata damuwa dai? Babu, sai alheri. Darakta ya ce, "To madalla, haka muke so mu ji." Ana cikin shan shayi aka kira azahar. Muka fito kowa da goro a aljihu, sai da muka kai bakin titi muka tuna abin da ya kawo mu.

To a bana Sakataren ƙungiya ya ce ba za a sake ba. Matashin akawu ne, ya je wani kwas na ƙungiyoyin ƙwadago ya dawo da jaka da manyan kalmomi. Ya tara mu a ƙarƙashin mangwaron bayan gareji lokacin hutun rana, ya ce ya yi nazarin abin da ya kayar da mu, ya gano gaisuwa ce.

"Ya za a yi ka ce wa mutum kowa lafiya, sannan ka dawo ka ce ka zo kai kuka? Ai ka riga ka sa hannu da bakinka."

Ciyaman ya ce, "To in ya gaishe ni in yi masa shiru? Ni ba a haife ni a daji ba."

Aka yanke shawarar a riƙa gwaji. Wani zai zauna a matsayin Darakta, wakilai su shigo, a ga yadda za su yi. Aka rasa mai yarda ya hau kujerar, sai Madam mai buga tafireta. 'Yar gabas ce, mijinta bakanike a Kakuri, Hausa a bakinta kamar ruwan famfo, kuma ta daɗe tana shiga ofishin manya, ta san yadda suke jan murya. Baba ya kawo wata kujera mai hannu da yake gyarawa, ta zauna ta harɗe, ta ari tabaran Sakatare ta ɗora a kan hanci.

"A'a, Alhaji ne? Bismillah, bismillah. Ina aiki?"

"Aiki da godiya," in ji Ciyaman.

Madam ta cire tabarau. "Oga Ciyaman, ka mutu. Tun a ƙofa ka mutu. Koma ka sake shigowa."

Ya koma bayan mangwaro ya sake fitowa yana haɗe rai. Ta ce ya iyali. Ya cije leɓe, ya dubi sama, gumi ya keto masa, can sai muka ji a hankali, "Lafiya lau." Makanikai da ke cin rogo a gefe suka fashe da dariya, wani ya ce a ba shi ruwa.

Sakatare ya ce abin da Ciyaman zai faɗa shi ne ba lafiya. Nan Ciyaman ya tubure. Ya ce shi da ya tashi da ƙafafunsa, ya yi sallah, ya karya kumallo, ba zai buɗe baki ya ce ba lafiya ba don a ƙara wa wani girma a takarda. In Allah Ya ji Ya nuna masa rashin lafiyar gaske fa? Baba da kansa ya goyi bayansa, ya ce su ma a coci an hana su butulci, kada a sa Alhaji saɓo saboda shi.

Da gardama ta yi tsawo aka juyo kaina, don ni ake kira Malam a garejin, saboda na yi karatun allo kuma ni nake jan sallah in liman bai zo ba. Na ce ni dai abin da na sani, godiya ta Allah ce, ba ta Darakta ba. Mutum ya gode wa Ubangijinsa a kan numfashi, sannan ya gaya wa ɗan'uwansa bawa inda takalmi ke matsa shi, babu saɓo a ciki. Sai a ce alhamdu lillahi, a ɗan numfasa, a ce amma, daga nan a shiga magana.

Wannan ya yi wa kowa daɗi. Sakatare ya ce dama abin da aka koya musu a kwas ke nan, da Turanci ne kawai. Aka shiga horo. Kullum da rana Madam ta hau kujera ta jero gaisuwa, Ciyaman yana amsawa, "Alhamdu lillahi, amma." Da farko amman tana fita kamar mai neman gafara, Madam ta ce ba ta ji ba, ya ƙara. Makanikai suka mayar da abin wasa, duk wanda ya gifta shi sai ya ce alhamdu lillahi, shi kuma ya ce amma. Har Hajiyarsa ta aiko a tambaya ko lafiya, wai ta ba shi tuwo ya cinye ya yi hamdala ya ce amma, ta tsaya tana jiran laifin miya bai faɗa ba. Aka kuma kafa doka: ba shan shayi, ba karɓar goro, kuma a je da hantsi don kada azahar ta sake ceton Darakta.

Ranar zaman, kafin mu shiga mota, Ciyaman ya miƙo mini tafin hannunsa ya ce in rubuta masa kalmar da ajami, don shi boko bai zauna masa ba. Na rubuta da biro, manya-manya. Da muka isa hedikwata aka ce Darakta yana da baƙi, muka zauna a benci har rana ta take. Ciyaman ya ce bari ya sabunta alwala. Ya dawo hannu fes, sai ɗan shuɗi a tsakanin yatsu.

Mu huɗu muka shiga: Ciyaman, Sakatare, Madam da ni. Mun shirya wa murmushi da shayi, sai muka tarar da Darakta ya dafe kai, hula a kan tebur, ga kwalaben magani a gabansa. Bai tambaye mu komai ba. Ciyaman kuwa ba ya iya ganin babba a zauna ba gaisuwa, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ina aiki?"

Darakta ya yi ajiyar zuciya. "Alhaji, aiki sai addu'a."

Daga nan ya kwance mana buhu. Daga sama an matsa masa, an yanke kuɗin mai, an karɓe motarsa ɗaya. Likita ya ce jininsa ya hau, an hana shi gishiri. Ba ya barci. Jiya ƙanin matarsa ya yi haɗari a hanyar Kaciya, Allah dai Ya kiyaye. Ya ce mutane suna ganin kujera suna sha'awa, ba su san ƙaya ce a kanta ba. Kujerar kuwa na gane ta, Baba ne ya yi mata sabon hannu da damina.

Mu duk shirinmu a kan kada mu ce muna lafiya ne. Ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa Darakta zai riga mu cewa ba shi da ita. Kuma ɗan mutunci in an kai masa kuka, ya san abin da ake yi. Ciyaman ya ce ayya, sannu, Allah Ya sawwaƙe. Sakatare, mai kwas, na ji shi da kunnena yana cewa a riƙa shan zoɓo ba sukari. Madam ta ce akwai wani ganye da surukarta ke dafawa, za ta kawo. Aka shigo da shayi, to wa zai ƙi shayin majinyaci? Muka sha.

Can Darakta ya dube ni ya ce, "Malam, ga ka ga lokaci ya tafi. Yi mana addu'a mu tashi."

Ba a ƙin addu'a. Na ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, Madam ta rufe ido ta sunkuyar da kai. Na roƙa masa lafiya, na roƙa wa ƙanin matarsa, na roƙa wa ƙasa. Ina yi ina tuna Baba da muka bari yana fere ƙafar tebur, ya ce mana Allah Ya ba da sa'a. Na rufe kamar yadda ake rufewa, na ce walhamdu lillahi Rabbil alamin.

"Amma!"

Muryar Ciyaman ce, irin wadda ake ji har wurin wankin mota. Shi kansa ya firgita. Hannuwansa na sama bai shafa ba, ido ya fito. Masinja ya leƙo ya koma. Darakta ya ce, "Amma me, Alhaji?"

Ciyaman ya dubi tafinsa, ba komai. Ya dube ni, na dubi silin. Madam ta taka masa ƙafa ta ce a hankali, "Oga, ka riga ka shigo, ba ribas."

Duk jawabin da Sakatare ya tsara masa ya gudu. Abin da ya rage a kansa shi ya faɗa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, amma akwai dattijon nan kafinta. Tare muka tsufa. Kai in jininka ya hau kana da likita, in ka gaji kana da fansho. Shi in aka ce ya tafi gobe, keke kawai zai tura. Mun yi maka addu'a da zuciya ɗaya, wallahi. Shi ma a yi masa wani abu." Ya shafa addu'arsa a makare, ya ƙara da cewa, "A gafarce ni."

Darakta ya daɗe yana juya kwalbar magani. Mutumin da aka gama roƙa wa lafiya yanzun nan, da amin ɗinsa a baki, yana jin nauyin cewa a'a. Ya ce maganar 'yan wucin gadi babba ce, za a kafa kwamiti. Amma shi wannan dattijo, a kawo sunansa.

Kwamitin har na bar aiki ban ji ya zauna ba, kuma da rage ma'aikata ya zo, da yawa cikin 'yan wucin gadi sun tafi hannu wofi, Allah Ya musanya musu. Baba kuwa an tabbatar da shi, aka lissafa masa shekarunsa na baya. Ba a jima ba aka lura cewa ma'aikacin dindindin mai shekarunsa ya isa ritaya, aka yi masa. Sakatare ya gaya wa taron ƙungiya cewa dabarun da ya koyo ne suka yi aiki, aka tafa masa. Madam ta kai ganyen, an ce ya yi amfani.

Bayan wani lokaci na je Narayi gaishe da Baba. Na same shi a ƙofar gida yana haɗa wa jikarsa ɗan benci. Ya sa aka kawo mini ruwa da gyaɗa, muka gaisa. Na ce, "Baba, ya fansho, yana fitowa?"

Ya ce, "Mun gode Allah, Malam."

Na zuba masa ido ina jiran in ji amma, shi ma yana kallona. Sai ya ajiye guduma ya yi dariya har da tari, ya ce, "Sauran kalmar ta Alhaji ce, ni ba a koya mini ba. Ci gyaɗa."