Shekarar da Aka Janye Motar Ofis

A lokacin man fetur na tsada a duniya, dogayen benaye sai tsirowa suke a Abuja. Ni kuwa ƙaramar ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar tarayya, ina zaune a Nyanya da 'ya'yana. Motar ofis ce ke kwaso mu da safe, ta mayar da mu da yamma.

Sai aka kawo mana sabon darakta, ɗan arewa irina, ya yi karatu a Turai, ba ya gama magana bai cakuɗa ta da Turanci ba. Ya tara mu ya ce bashi ya yi wa gwamnati katutu, dole a tsuke bakin aljihu, a kuma ƙara haraji. A makon aka janye motarmu. Tasa ƙatuwar ba wanda ya taɓa ta.

Tun ranar na tsane shi. Kullum sai na yi kokawar shiga bas a tasha, ana turereniya da gwiwar hannu, in iso ofis a makare ya sa a yi mini gargaɗi. Kuɗin mota ya cinye na abincin rana, duka muka daina saye wajen wata 'yar Filato da ke dafa shinkafa a bakin get. Masu karɓar haraji kuma suka ƙara mata. Ta daure har damina, sannan ta sayar da tukwanenta ta koma garinsu.

Da shekara ta zagayo ya sake tara mu. Wai kuɗin shiga sun ragu, bashin ya ƙaru, za a ciyo wani, saboda haka mu ƙara haƙuri. Sai na miƙe.

"Ranka ya daɗe, mun yi haƙurin bara. Ina ya tafi?"

Ya cire tabarau ya yi murmushi. "Hajiya, wannan ba fanninki ba ne."

Wasu suka yi dariya don ya gan su suna yi. Kafin wata ya ƙare aka mayar da ni wani ƙaramin ofis a Bwari, shi kuma aka yi masa ƙarin girma.

Bayan mun yi ritaya na haɗu da shi a gidan wani biki. Ya tsufa, yana dogara sanda, bai ma gane ni ba. Ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi iyali. Na dube shi sama da ƙasa, na ɗauki jakata na canza kujera.