Ciwon Da Hajiya Ba Ta Faɗa Ba

Shekaruna saba'in da uku, kuma mafarin wannan zance ya haura shekara sittin. A Damagaram, idan an idar da sallar isha'i, kakata Inna Kande takan tara mu gindin murhu, tana tura kara cikin wuta.

Akwai tatsuniyarta guda da ba mu so. Wata mata ce ƙari ya fito mata a nono, aka kai ta ga mai magani a ƙasar da ba ta jin harshensu. Tafinta kuwa surukinta ne. Da aka tambaye ta inda ke ciwo, sai ta sunkuya, ta ce kai. Wata uku ana maganin kai, har ta cika.

"Inna, don me ba ta faɗa ba?" in ji ƙanwata Mariyama.

"Gaban suruki? Girma tukuna, ja'ira."

Maiɗakina Hajiya Rakiya ta shekara talatin tare da ni a Vaulx-en-Velin, kusa da Lyon a Faransa, ba ta riƙe Faransanci ba. Ni kuwa ina ganin raka mace asibiti ba aikin dattijo ba ne. Ɗanmu na fari ke kai ta yana fassara, wanda ko sunansa ba ta ambata saboda kunya. Shekara guda tana ce masa gajiya ce. Da gaskiya ta bayyana, ashe ƙari ne a nono, likitocin Lyon suka girgiza kai, na Paris ma haka.

Aka ba mu labarin wani asibiti a Istanbul. Na rantse ba ta da tafinta sai ni. Wani Baturke mai kanti a unguwarmu ya rubuta mini: Eşimin göğsü ağrıyor. Ya ce eş abokin zama ne, im nawa, in kuma alamar mallaka, göğsü ƙirjinta, sannan aikatau, wato ciwon, ya zo ƙarshe.

Ina ta maimaitawa a ɗaki, Hajiya ta ce, "Alhaji, wace addu'a ce wannan?"

Na ce, "Ƙirjin matata na ciwo."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Da kai ka raka ni, da na faɗa."

Ta rasu kwana tara kafin tafiya. Jimlar na nan a bakina, babu likitan da ya ji ta. Na daɗe ina zargin matar tatsuniya da wauta. Yanzu nakan tambayi kaina ina mijinta yake.

Mariyama, wadda ke zaune a Saint-Denis kusa da Paris, ta ji tatsuniyar tare da ni, kuma ita ta yi wa Hajiya wanka.