Koren Kwanon Maƙwabciya

Na daɗe ina koyar da tarihi a wata makarantar 'yan mata a unguwar Rusaifa ta Makka, kuma akwai darasin da ba na ƙauna ko kaɗan. Shi ne inda littafi ya ce tsohon zamani ya ƙare ranar da aka tuɓe sarkin Rum na ƙarshe, zamanin da ake kira na tsakiya ya kama. Sai in ja layi a allo, yara su kwafa, shi ke nan an gama da mutanen.

Mu ma an ja mana namu. Masu iko suka ce Makka za ta shiga sabon zamani, aka bi gidajen lungunmu na Nakkasa da jan fenti na alamar rushewa, har da na Innata.

A can, duk Juma'a abinci yake tsallaka katanga, kuma ba a mayar da kwano wayam. Maƙwabciyar Inna Basakkwaciya ce, ta zo hajji tun tana da ƙuruciya ta zauna ba takardar izinin zama. Juma'ar ƙarshe ta aiko da tuwo da miyar kuka a koren kwanonta. Inna ta wanke ta ajiye, ta ce sai ta yi dambu za ta mayar. Kafin Juma'a ta zagayo an rushe lungun. Mu masu takarda muka koma unguwar Ka'akiyya. Ita kuwa, wasu sun ce an kama ta an mayar da ita gida, wasu sun ce tana Jidda.

Na ce wa Inna kwano ne fa, kasuwa cike take da irinsa.

"Ke dai karatu ya ɓata ki," in ji ta, tana surka Hausa da Larabci. "Amana ce, ya binti. Halas, shi ke nan, kar ki ƙara."

Duk Juma'a sai ta cika shi da dambu, mu hau mota mu bi unguwanni tana tambaya. Da yamma mu sadakar da dambun mu dawo da kwanon. Tausayinta ya riƙa cina.

Wata rana a aji wata ɗaliba ta tambaye ni ko mutanen Rum sun san zamani ya canza a ranar. Na ce sun sani daga baya, da suka nemi maƙwabtansu suka rasa.

Inna ta rasu bara. Abu ɗaya ta bar mini wasiyya, kada in mayar da kwanon nan wayam. Yana nan a kicin ɗina, ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.