Motar Kawu da Kazar Inna

A shekarun nan na tsuke bakin aljihu, lokacin da albashin malamin makaranta ya koma sai an ga dama, motata ce ke ciyar da gidana. Tsohuwa ce, doguwa mai faɗin baya, fentinta ya koɗe har ba ka iya rantsuwa ko shuɗiya ce ko toka-toka. Da an tashi daga makaranta sai in zarce gonakin rani na bakin dam ɗin Watari, in yi lodin kwandunan tumatir in kai birni. Da abin da na samo ake auno gero a sayi sabulu. In ta tsaya tukunyarmu ta tsaya, kuma matata ba ta gajiya da tuna mini haka.

Ana tsakiyar kakar tumatir motar ta yi mini tsiya. Na ɗauko lodi har saman rufi, na faɗa wani rami kafin Bici, sai na ji ƙwas daga baya. Da kyar na lallaɓo ta gida tana tafiya a karkace kamar karen da aka jefa. Bakaniken garinmu ya shiga ƙarƙashi ya fito yana girgiza kai. Ƙarfen da ke riƙe ƙafar baya da jikin mota, wanda su suke kira hannu, shi ne ya tsage, na ɗaya gefen ma tsatsa ta kusa gamawa da shi.

Muka kai wa mai walda ya liƙe, ɗinkin ya sake buɗewa tun ban huce takaicin farko ba. Na shiga birni na zaga rumfunan masu kayan mota har ƙafata ta yi ciwo. Kowa amsarsa ɗaya: na asali ya ƙare, an daina shigo da shi. Wani mai zaƙin baki ya miƙo mini sabo fil yana sheƙin baƙin fenti, ya rantse ya fi na asali. Lodin farko ya lanƙwashe. Abin da na faɗa a kan mutumin nan a bakin titi ba zai rubutu ba.

"Malam, kai ma da wahalar da kai," in ji bakaniken. "Ga 'yar uwarta can a tsaye ƙarƙashin darbejiya a gidan Kawunka."

Na sani sarai, kaucewa nake yi. Kawu, ƙanin mahaifiyata, shi ya zaɓar mini motata don irin tasa ce sak. Da injin tasa ya buga, kayan gyara suka yi tsadar da ta fi ƙarfinsa, sai ya tura ta gindin bishiya ya ce sai abubuwa sun yi sauƙi. Sauƙin bai riske shi ba, Allah ya ji ƙansa. Ranar rabon gado matarsa, wadda duk muke kira Inna, ta ce ita motar take so a cikin rabonta. Aka yi ta dariya a ɓoye, aka ba ta. Tun daga nan babu mai taɓa ko madubinta, in ban da kajin Inna da suka mayar da ita gidansu.

Na sayi goro mai kyau na tafi. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, na tambayi awaki ɗaya bayan ɗaya, sannan na sauko kan magana.

"Inna, ƙarfe biyu kawai nake so na ƙafar baya. Ba inji ba, ba taya ba."

Ta ɓare goro ta duba cikinsa. "Kaza tana kwanci a bayanta, cikin but ɗin."

"To a ɗauke ta mana a kai ta akurki."

"A ɗauke mai kwanci? Ku zo da gudumominku ku jijjiga mata ƙwai su zama baragurbi? Ka bari ta ƙyanƙyashe, ɗan nan."

Na ce zan sayi kazar da ƙwanta. Ta ce kazarta ba ta sayarwa ba ce. Na koma gida ina huci, matata ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce yau ga malami guda kaza ta tsare masa hanya. Dariyar ba ta daɗe ba, don manoman da nake yi wa dako sun fara ba wani mai a-kori-kura kayansu, buhun geronmu kuma kullum ƙara kwantawa yake. Kowace safiya kafin makaranta sai na biya na leƙa but ɗin nan. Kazar ta kalle ni da ido ɗaya, ni ma in kalle ta. Ban taɓa yi wa kaza addu'ar sauka lafiya ba sai a lokacin.

Ranar da na ji kukan 'yan tsaki ko sallama ban gama ba na faɗa gidan.

"Barka, Inna! Yaushe za mu zo?"

"Ai wata ta shiga jiya," in ji ta, ba ta ko ɗago kai daga tsintar wake ba.

Nan zuciya ta ɗebe ni. "Haba Inna! Kajin garin nan duka a motar nan za su haihu? Tumatir yana ƙarewa, yara suna gida. In ba za ki bayar ba ki faɗa mini in san na yi."

Ta ajiye faifan. Na fara jin kunyar ɗaga muryar da na yi.

"Na ga wata mota a Bici da aka cire wa ƙafafu," ta ce. "Tana kwance da ciki a ƙasa, awaki suna hawa. Kawunka a tsaye ya ajiye tasa. Duk sallah sai na kira mai faci ya ba tayoyin nan iska, kana tsammani don kaji nake yi? Cewa ya yi ranar da ya tashe ta zai kai ni Watari in ga ruwa. Shekara da shekaru ina jin labarin ruwan nan a bakinsa, ban taɓa gani ba."

Tausayinta ya kama ni. Na zauna a bakin tabarma na ce mata ba za mu bar ta a kwance ba. Za mu cire nata mu sa mata nawa. Tsagagge ne, ba zai ɗauki lodi ba, amma zai riƙe motar da ba ta zuwa ko'ina.

"Za ta tsaya yadda take?"

"Za ta tsaya, Inna."

Ita da kanta ta kwashe kazar da ƙwan a cikin ƙwarya, babu ko ɗaya da ya yi baragurbi.

Da hantsi muka zo da bakanike. Notunan sun ci tsatsa, sai da muka jiƙa su da kananzir, muka sa wa sufana dogon bututu muka hau da ƙafa. Da aka kankare busasshiyar laka sai ga ƙarafan Kawu lafiya lau, masu nauyi, har da sauran man da ya shafa musu. Inna tana zaune tana ba da umarni kamar ita ta ƙera motar. Da muka sauke jak ta zagaya, ta danna bayan da hannu, ta ce hagu ya fi dama sauka. Muka sake ɗagawa muka gyara, bakanike yana gunaguni ƙasa-ƙasa.

Da aka ɗaura wa tawa ta miƙe sambal, ban fara da tumatir ba. Na wanke ta, na zo ƙofar gidan, na buɗe wa Inna gaba. Ta fito da mayafinta na zuwa biki, ta tsaya.

"A ina kuka sa ƙarafan Malam?" Haka take kiran Kawu.

Na nuna mata baya. Ta wuce ƙofar da na buɗe ta shiga can inda nake jera kwanduna, ta zauna daidai saman taya, ta dafa ƙasan motar da tafin hannu. Haka muka tafi, duk ramin da na shiga sai ta ce in yi a hankali.

A bakin dam na kashe mota. Ruwa ya shimfiɗu har inda ido ya tsaya. Na ce ta sauko ta gani da kyau, ta ce daga nan ma tana gani. Ta daɗe tana kallo, hannunta yana nan inda ta ajiye shi.

"To, Malam," ta ce a hankali, kuma ba da ni take ba. "Ka kawo ni."

Na juya na kalli wani gefen har ta gama share ido da bakin mayafi.