Matar da suka kira "Chatterbox" a motar Haɗeja

Wata rana na hau motar haya daga Kano zuwa Haɗeja, bayan azahar, rana kamar ta fasa kai.

A gaba kusa da direba akwai wata mata, za ta kai shekara hamsin. Tun ba mu fita daga tasha ba ta kama shi da hira.

Yaya sunansa? Tukur. 'Ya'yansa nawa? Ruwa ya sauka a garinsu kuwa? Ya shuka gero ko dawa?

Wallahi ko yawu ba ta tsayawa ta haɗiye.

Kusa da ni a baya wasu samari biyu ne, kowa da wayarsa. Ɗaya ya zunguri ɗan'uwansa, ya ce, "Chatterbox."

Suka kwashe da dariya.

Ga wanda bai sani ba, haka Turawa ke kiran mai shegen surutu, wato akwatin magana, in an buɗe ba ya rufuwa. Tsakanin abokai tsokana ce. A faɗa wa sa'ar uwarka kuwa, raini ne tsagwaronsa.

Ashe ta ji, kuma ta gane.

Ta yi shiru, ta juya fuska wajen taga.

Mota ta yi tsit.

Mun ɗan wuce Gezawa sai na ga muna sulalewa hannun masu tahowa. Ga tirela ta nufo mu. Kan Tukur ya sunkuya a kan sitiyari.

"TUKUR!"

Ta daka masa duka a kafaɗa. Ya zabura ya murɗe sitiyari, tirelar ta wuce mu da ƙyar. Salati kawai kake ji.

Ta sa shi ya tsaya ya wanke fuska.

Saurayin nan da ya kira ta Chatterbox ya ce, "Mama, ashe kin san barci yake ji?"

Ta ce, "Tun a tasha na ga idonsa ja. Na ce ya huta, ya ce ras yake. Mijina direba ne, ɗana. Wata rana barci ya ɗauke shi da mota cike da mutane, saboda kowa ya yi shiru. Ku kira ni akwatin duk abin da kuka ga dama. Ni da Tukur hira za mu yi har Haɗeja."

Muka koma mota, aka tashi.

Sai ga saurayin ya cusa wayarsa a aljihu, ya miƙo kai gaba.

"Malam Tukur, 'ya'yan naka nawa ka ce?"

Darasi: Kafin ka laƙaba wa mutum suna, tambayi dalilinsa. In kuma ka san abin da kake yi daidai ne, kada dariyar wani ta rufe maka baki.

Tura wa duk wanda ka san yana yawan hawa motar haya, ya riƙa duba idon direba.