Yatsun Ɗan Manomi da Rubutun Makafi

Wasu shekaru da suka wuce, ina aji uku a jami'a ina karatun koyar da masu buƙata ta musamman, saura ƙiris in yi asarar shekara guda saboda yatsuna.

Akwai darasin da ake koya mana rubutun makafi, wato ɗige-ɗigen nan masu ɗan tudu da ake fitarwa a takarda mai kauri, a karanta da shafawa. Ni kuwa tuni na samo wa kaina hanya mai sauƙi. Sai in ɗora yatsa a kai don cika umarni, in karanta da ido. Har yabona ake yi a aji, ni kuma ina ta hura hanci.

Malamin darasin makaho ne. Wata rana ina cikin zuba karatu sai ya ce, "Dakata. Muryarka ƙasa take sauka, ka sunkuya kana kallo. Kuma ban ji motsin yatsa a takarda ba." Aji ya kwashe da dariya. Ya ce ba laifi ba ne malami ya karanta da ido, amma wanda bai taɓa shan wahalar shafawa ba, ba zai gane inda ɗalibinsa ya maƙale ba. Don haka ranar jarrabawa ƙyalle za a rufa mana a hannu. Wanda ya faɗi ba zai fita koyarwar gwaji ba, sai baɗi.

Na koma ɗaki na rufe ido na shafa. Ko ɗigo ɗaya ban bambance ba. Ɗan manomi ne ni daga wani ƙauye kusa da Tsiga, tun ina ƙarami nake aikin gona, yatsuna duk sun yi kanta.

Ana cikin haka malaman jami'a suka shiga yajin aiki, muka koma gida daidai lokacin ɗibar auduga. Wanda ya taɓa ɗiba ya san busasshen ɓawonta, ba inda yake soka sai kan yatsa. Ga shi shekarar yayana ya koma Funtuwa yana tuƙin keke-nafef, gona ta rage daga ni sai mahaifina. Shi kuwa dama bai taɓa gane wa karatuna ba. Yakan ce, "Wai masu idon duk an gama koyar da su ne?"

Da wane baki zan ce wa dattijon da ke duƙe tun safe wai ina tattalin yatsa? Na ɗauki buhu na bi shi gona. Kwana uku ina ɗiba.

Rana ta uku da la'asar mahaifiyata ta same ni a gindin dalbejiya, ido a rufe, ina ta goga yatsa a takarda. Ta ce, "Kai kuma me kake lalube ido rufe?" Na faɗa mata komai. "To," kawai ta ce. Ta shiga ɗaki ta fito da man kaɗe, ta ce in riƙa jiƙa hannu a ruwan ɗumi ina shafawa.

Washegari ina sa hannu a kunyar farko, mahaifina ya ce, "Ajiye buhun nan."

"Lafiya, Baba?"

"Uwarka ta ce yatsunka karatu suke yi. Ka riƙa kai abin da na ɗiba bakin hanya. Wannan da ka ake ɗauka."

"Baba, aikin zai yi maka yawa."

"Ban tambaye ka ba."

Haka aka yi. Ya ɗibi kunyarsa ya ɗibi tawa har aka gama. Abokaina suka sa mini suna amarya, kullum sai sun tambayi ranar sa lalle. Kunya kam na sha ta: ƙato da ni, zaune da hannu cikin kwano. Sai da aka kusa wata biyu na fara jin harufa ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin yatsana.

Aka janye yajin aiki, aka yi jarrabawa. Da ƙyar na sha, amma na sha. Na fita koyarwar gwaji tare da 'yan ajinmu.

Da na zo hutu na faɗa wa mahaifina, sai ya ce in kawo takardar ya gani. Ya goge hannu a riga, ya rufe ido yadda ya ga ina yi, ya shafa layi ɗaya, ya sake shafawa.

"Ni dai takarda kawai nake ji," in ji shi. Ya miƙo mini yana dariya. Ni ban iya dariyar ba.

Yau shekarata da yawa ina koyar da yara makafi. In an kawo sabon ɗalibi daga ƙauye, kafin in ce ba ya ganewa sai na duba yatsunsa, kuma ba a rasa man kaɗe a teburina. Mahaifina ya rasu, Allah ya jiƙansa. Har yanzu in na ɗora yatsa a takarda sai na tuna hannunsa, domin kantar da ta bar yatsuna ba ɓacewa ta yi ba, nasa ta koma.