Yatsu Biyu da Gaisuwar Suruki

Ko da zan tsufa har in manta inda na ajiye zanina, abin da ya faru a gidan injin kawuna na Bodinga ba zai fita daga kaina ba. Shekaru sun wuce, amma har yanzu in na ji an tayar da inji sai in shiga duba hannun duk wanda ke kusa da ni.

Lokacin na gama sakandare ke nan, na baro gidanmu na Mandera ina zaune wurin kawu. Yana da injin daddatsa kara da harawa na abincin dabbobi. Yayana shi ke kula da wurin, shi kuwa Allah ya yi shi da son wasa. Wata rana wasu masu aikin hanya suka haska wa leburorinsu fim na kiyaye haɗari, yayana ya leƙa ya gani, ya dawo yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce wai mutum ya faɗo daga sama, wata mata ta fito tana murmushi tana bayani kamar mai tallan sabulu. Daga nan ya ce mu ma sai mun yi namu da waya.

Ni aka bai wa matar murmushin. Aka sa mini riga mai ƙyalli a kan hijabi, aka miƙo mini lasifikar masu tallan magani. Aikina in tsaya a gefe, ma'aikaci ya yi wauta, inji ya cinye masa wata gaɓa, ni kuma in washe baki in ce, "Kun gani ko? Da ya sa hular kwano da haka ba ta faru ba." Ko ƙafa ce ta tafi, maganar hular kwano zan yi. Jininmu zoɓo ne da aka dama da sitaci. Hannun ƙarya kuwa safar roba ce, mu cusa mata tuwo da ɗan hanjin akuya. Mutane suka so abin, har daga Shagari ake aiko wa yayana saƙo a ƙara.

Wanda inji ke cinyewa kullum abokin yayana ne, ɗan masu shanu daga Kajiji, kuma shi ne aka sa mana rana da shi. A gaban waya babu wanda ya kai shi ihu. Yakan yi birgima yana kiran innarsa, yana barin wasiyya a kan wanda zai gaji takalminsa.

Ran da abin ya faru, yayana ya ce a bar inji a kunne don ƙarar ta fito da kyau. An watsa zoɓo a bango da ƙasa, saurayin nawa yana riƙe da hannun ƙarya cikin hannun riga, yana matsawa bakin inji. Sai muka ji sallama. Babanmu ne. Ya kawo albasa kasuwa ya ce bari ya biyo ya gan mu.

Wanda bai san mutanenmu ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Saurayi ya ga surukinsa, shi kuwa ga shi jiƙe da zoɓo riƙe da hannun tuwo. Kunya ta rufe shi. Ya yi sauri zai jefar da abin bayan inji, sai bel ɗin injin ya kama hannunsa na gaske. Na ji wani ƙas, kamar an karya rake. Ya fizge hannun, ya kai shi baya, ya cire takalmi ya durƙusa.

"Barka da isowa, Baba."

Yayana ya kashe inji yana ƙunƙuni, "Kai kau ka ɓata muna aiki, nan ne wurin kuwwa."

Baba ya dubi bango, ya dubi rigata, ya sunkuya ya ɗauki hannun ƙaryar ya shinshina. "Wanga mi ne ne? Tuwo kuka wasa da shi, mutane na nema?" Sannan ya juya ga mai durƙuso, aka buɗe gaisuwa. Ina gajiya, ina mutanen Kajiji, yaya tsohon, yaya shanu, an samu ruwa can wajenku?

"Lahiya lau, Baba. Mun gode Allah, Baba."

Ni ce kaɗai a bayan saurayin nawa. Ni ce kaɗai na ga hannun. Yatsu biyu babu su, jini yana tsartuwa yana sauka a kan dugadugansa, yana gauraya da zoɓon ƙasa. Tun da aka sa mana rana ban taɓa kallonsa a gaban Baba ba, balle in yi zancensa. In an ambace shi a gida tashi nake in bar wurin. To yanzu da wane baki zan ce na lura da hannunsa?

Na matsa kusa da yayana na raɗa masa, "Yaya, jini."

"Ni na dama shi, ai na sani," ya ce.

"Yaya, na gaske."

"Shi ya sa aka son fim ɗinmu."

Baba kuwa ya samu buhu ya zauna, ya shiga tambayar wata saniya da ya taɓa gani wurin mahaifin yaron, ko ta haihu. Shi ma ya amsa, wai ta haihu, mace. Muryarsa ta yi ƙasa, wuyansa ya jiƙe da gumi, kansa yana rangaji, amma bai bar "Baba" ko sau ɗaya ba. A raina na ce mutumin nan zai mutu yana ba da labarin maraƙa, ni kuma ina tsaye da rigar kiyaye haɗari.

Ban san lokacin da na ɗaga lasifikar ba. Na danna, na kira sunansa. Sunansa na yanka, a gaban mahaifina, da ƙarar da sai da awakin maƙwabta suka watse. Na ce, "Inji ya cire mishi yatsu! Ba zoɓo ba ne! Ku dubi hannunshi!"

Baba ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, sannan ya miƙe ya janyo hannun. Mai hannu ya ɗago da ƙyar ya ce, "Ba komi, Baba, ɗan ƙwarzane ne," ya kife.

Baba ya warware rawaninsa ya ɗaure dantsen tamau. Aka ɗora shi a babur, kawu a gaba, Baba a baya yana tallafe da shi. Baba yana tafiya yana yi wa yayana tsawa ya tsinto yatsun ya biyo su. Yayana ya kwashi abin da ya gani ya ƙulle a leda. A asibiti malamar jinya ta kwance ledar, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Malam, wannan ai tuwo ne." Na gasken suna can cikin harawa. Kafin a gano su sun riga sun tashi daga aiki.

Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da ba maganar yatsu ake ba. Da saurayin nawa ya farfaɗo ya ga Baba a bakin gado, sai ya fara ƙoƙarin saukowa ya durƙusa. Baba ya danne shi da hannu ɗaya. "Kwanta, ɗan nema! Da ka mace gabana don kunya, da wace huska zan tahi Kajiji? In ce musu mi? Muna cikin gaisuwa?"

Ni kuwa Baba bai taɓa yi mini zancen lasifikar ba. An ɗaura auren, fim kuma daga ranar ba a sake ba. Maigidana yana kiwonsa da yatsu takwas, yana ba da labarin yana dariya. Ni ban kai ga dariyar ba tukuna, don na san yadda na tsaya ina auna kunyata da jininsa, kuma kaɗan ya rage kunyar ta rinjaya.

Abin da na koya shi ne kunya ado ce, amma ba ta tsayar da jini. Ɗana na fari yanzu ya fara wayo. In ya faɗi, danginsa na Kajiji suka ce namiji ba ya kuka, sai in ja shi gefe in ce masa in ya ji zafi ya buɗe baki ya yi ihu, ko a gaban wa yake. Gaisuwa tana iya jira.